Ranar da Zaren Kakana Ya Ƙi Kaiwa

Ko zan manta da duk damben da na yi a rayuwata, ba zan manta da shekarar da zaren kakana ya ƙi zagaye hannuna ba.

Gidanmu a Taura gidan mahauta ne, dambe kuwa gadonmu ne. Akwai wani zare da kakana ya riƙa ɗaure hannu da shi. Ya bar wa mahaifina, da mahaifina ya rasu ya koma wurin ƙaninsa, wato Baffa. Duk ɗan gidan da zai shiga fili, Baffa ne ke naɗa masa shi, kuma ba a ƙara masa tsawo. A lokacin ni kaɗai na rage mai dambe a gidan, sauran duk kasuwa ta ɗauke su.

Da na samu aikin koyarwa a Dutse na kama ɗaki a Limawa, sai na faɗa cikin 'yan ɗaga ƙarfe. Ba wani wurin a zo a gani ba ne. Bayan wani kango ne, ƙarfen kuma gwangwanayen fenti ne aka cika da siminti aka soka musu bututu. Amma abin ya shiga raina. Kullum da yamma ina can ina murzar damtse, har hannun rigata ya fara matse ni.

Cikin damina na je gida, Baffa ya ce in kawo hannu ya gwada. Idonsa ya fara gazawa, ya riga ya faɗa cewa damben kaka na bana shi ne na ƙarshe da zai je. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya fara naɗi daga dunƙulen hannu yana gangarowa. Kafin ya zo inda ake ƙulli, zare ya ƙare. Ya warware ya sake, bai kai ba.

"Kai, me kake ci a Dutsen nan?"

"Ƙarfe nake ɗagawa, Baffa."

"To kai duka in gani."

Na kai duka a iska. Ya ja tsaki. "Kafin wannan hannun ya iso, ai mutum ya je gida ya ci tuwo ya dawo. In kaka ta yi zaren nan bai kai ba, akwati zan jefa shi. An gama dambe a gidan nan ke nan."

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, har na kasa cin abinci. Abokaina na kango suka ce in sayi wani a kasuwa, ai zare zare ne. Baffa kuma so yake in rabu da ƙarfe kwata-kwata. Ni kuwa Allah ya yi ni da kafiya, na ce ba wanda zan saki a cikin biyun.

Sai na sauke ƙarfen daga hannu na mayar da shi ƙafa da baya. In saɓa shi a wuya, in tsugunna, in miƙe, har cinyoyina su riƙa rawa. Na raba ranakun, ranar ƙarfe daban, ranar dambe daban. Ranar dambe buhun yashi nake duka, sauri kawai nake nema, bayan sallar asuba kuma in hau duwatsu da gudu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin damtsen da na sha wahalarsa yana sacewa. Abokai har tsiya suke mini, "Malam, jinya ka yi ne ba mu sani ba?"

Da aka yanke gero aka buɗe fili a Taura. Kalangu na tashi, Baffa ya zaunar da ni ya fara naɗi, da lalube ma yake yi. Ni dai na kawar da kai. Can na ji ya ja, ya ƙulla, har da ɗan saura kamar tsawon yatsa. Sai ya tura ni fili.

Wani ƙato aka haɗa ni da shi. A dambe, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka. A turmin farko, wato zagayen farko, ya same ni a gefen kunne, duniya ta juya, ƙafafuna suka lanƙwashe har na tsugunna. Mutane sun fara ihu. Amma wannan tsugunnon na san shi, daga cikinsa nake tashi da siminti a wuya. Na cije na miƙe. A turmi na biyu hannuna ya riga nasa isa, ya zube.

Da Baffa yake warware mini zaren, ya ce, "An ce saura ƙiris ka kai ƙasa. Me ya tashe ka?"

"Ƙarfen nan ne, Baffa."

Ya miƙo hannu ya matsa cinyata. Sannan ya naɗe zaren, maimakon ya sa a aljihunsa sai ya danƙa mini a tafin hannu.

"Ci gaba da ɗagawa. Amma kafin ka ƙara nauyi, ka fara gwada wannan."

Baffa bai sake zuwa fili ba. Zaren yana wurina, har yau da shi nake auna kaina. Abin da na koya shi ne, ƙarfi ba tara shi ake yi don a gani ba, sai ka san inda za ka ajiye shi, don ranar da ka tsugunna ya tashe ka.