Sarkin Aljanu da Sanƙarau

An sallame ni daga asibiti a Gusau, na dawo Ƙaura. Kunnena na hagu ba ya ji.

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ta bayan fage, ga bayani.

Kun san mijina ya rasu a farkon bazara. Ina cikin takaba, ba fita, ba zuwa gidan rediyon da nake aiki. Wata abokiyar aikina ta aiko mini da wani littafin Turanci mai kauri. Labarin wasu halittu ne na tatsuniyoyin Turawa, masu sarauta a ƙarƙashin daji. Sarkinsu matarsa ta mutu, ya hana rana fitowa a ƙasarsa, kuma duk wanda ya ce masa ya yi haƙuri sai ya kore shi daga fada.

Na ji daɗin littafin ƙwarai. Kowa a gidanmu haƙuri yake ba ni. Sarkin nan kaɗai na samu wanda ya ƙi haƙura.

Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Zurmi tana taya ni zama. Ta ga bangon littafin, mutum da kambi da dogayen kunnuwa.

"Wanga mi ne ne?"

Na nemi kalma mafi kusa a Hausa, na ce labarin sarkin aljanu ne.

"Kina takaba kina karatun aljannu? Ke ɗiyar ga, Allah shi shirye ki."

Muka yi dariya.

Ciwon kai ne ya fara. Sai zazzaɓi, sai amai. Haske ya zama abin tsoro, na sa aka rufe tagogi. Daga nan ban san me ya faru ba, abin da zan faɗa an ba ni labari ne.

An ce na riƙa surutai, ina cewa sarki ya hana rana fitowa, a bar shi. Goggo ta haɗa lissafinta: mace mai takaba, ta ƙi haske, tana zancen sarkin aljanu, ga littafinsa a ƙarƙashin matashinta. Ta jefa littafin a murhu, ta sa aka kira wani malami daga Shinkafi ya yi mini ruƙiyya.

Hanya ba lafiya a makon, motoci ba sa tasowa sai da rakiya. Aka zauna jiran malam. Ana jira, ana turare, ana shafa mini tofi.

Da ya iso, ya fara karatu, ya sa Goggo ta ɗaga kaina. Wuyana ya ƙi lanƙwasuwa. Ya ce wa ƙanena Bashiru, "Addu'a zan ci gaba da yi, amma wuyan ga na likita ne. Ku tashi."

Daga asibitin Ƙaura aka tura mu Gusau. Aka naɗe ni kamar tabarma, aka soka allura a ƙashin bayana aka ɗebi ruwa. Bashiru ya ce ruwan ya fito gurɓatacce. Sanƙarau.

Likita bai yi faɗa ba. Ya tambayi yaushe ciwon ya fara, aka faɗa masa, ya rubuta. Ya ce, "Rai za mu fara nema, sauran daga baya."

Allurai safe da yamma, ƙarin ruwa, gwajin jini. Bashiru ya sayar da geron da ya ajiye don damina. Duk 'yan gidan aka ba su maganin kariya.

Ranar da na farfaɗo, Goggo tana gefen hagu tana magana. Ina ganin bakinta na motsi, amma ba na jin abin da take cewa. A nan na ji tsoro, ba lokacin allurar baya ba. Aikina sauraro ne: muryar manomi a waya, kaset ɗin hira, abin ji a kunnuwa biyu.

Ban riƙe Goggo a zuciya ba. Ita ta wanke ni, ita ta kwana a tabarma a ƙasan gadona. Shekaranjiya ta zagayo ta dama, ta zauna, ta tambaye ni.

"Shi sarkin nan, daga baya ya bar rana ta hito?"

Na ce ban sani ba, saura babi uku ta ƙone shi.

"To a sawo wani. Ki karanta mini. Amma da rana."

Na gode wa Allah, da ma'aikatan jinya, da malam, da Bashiru, da ku masu addu'a.

Shawarata: zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da gudun haske, da surutai, musamman lokacin zafi, a tafi asibiti a ranar. Addu'a tana shiga mota. Idan ana rigakafi a unguwarku, ku je. Wanda ya warke kuma a gwada masa kunne.

An yi mini gwajin ranar Litinin. Likitan kunne ya ce sai ya duba sakamakon kafin ya san ko jin zai dawo. Ranar Alhamis zan koma.