Hasumiyar Kwali da Dokar Kaka Hamsatu

A Tanda, da an idar da sallar magariba, Kaka Hamsatu takan tura itace a murhu mu zagaye ta, laka ba ta ma gama fita daga farcenta ba. Maginiyar rumbu ce, kuma ba ta yarda akwai wanda ya kai ta ba daga nan har Gaya. Ni ma har gobe ban yarda ba.

"Matso, angon banza," takan ce da ni. "Ga ta nan ta iso, mai gyangyaɗi ba ni maimaita masa."

Tatsuniyar da ta fi so ta wani ƙato ce, wanda ya ce a gina masa wurin tsayawa ya hango ƙetaren kogi, ko ya tattake garin. Wani mai rawar kai ya ta da ginin a yini guda. Ƙaton na sa ƙafa, ɗanyar laka ta zube da shi, ya miƙe a fusace ya rushe rabin gari. Sai wata tsohuwa ta karɓi aikin: zagaye ɗaya kullum, ta bar rana ta busar. Da ta gama, ita ta fara hawa, ta yi tsalle uku, sannan ta ce masa bismilla.

"Ni ma haka," in ji Kaka. "In na gama rumbu, sai na hau da kaina kafin hatsin mutane ya shiga."

Yanzu a Gaya, da furfurata, muna wasan yaƙin robo a kan tabur, ƙattin ƙarfe ƙanana da muke turawa da hannu. Ni ke gina musu tsaunuka da benaye da kwali da kol, wato gam. Bara na yi hasumiya mai hawa biyar, kowane hawa sai ya bushe nake ɗora wani. Abokin wasana Isufu ya zo daga Malanville da robonsa na dalma, wanda ya shafe wata uku yana masa fenti.

"Kwali fa, Malam?" ya ce. "In ya faɗo ya karye, ni da taburinka har abada."

Na ɗauki nawa, wanda ya fi nasa nauyi, na ɗora a ƙololuwa. Na girgiza tabur sau uku. Ko motsi.

"Bismilla," na ce, kaina ya kumbura, ban ɓoye ba.

Na daɗe ina zaton haƙuri kawai tatsuniyar ke koyarwa. Ranar na gane cewa tsallen nan uku ne zancen: kada ka ɗora kayan wani inda ba ka fara ɗora naka ba. Da Kaka na raye, da ta ce girma ya zo, wasa bai tafi ba. Sannan ta ƙwanƙwasa kwalin da yatsa, ta tambayi wa ya fara hawa.