Ƙugiyar da Malam Bai Sa Ba

Shekara talatin da huɗu ya yi a maɗaba'a yana aiki ɗaya, neman ƙugiya. Idan masu jera haruffa suka gama shafi, sai a ajiye masa a teburinsa na bakin taga, ya ɗauki jan biro ya bi layi-layi. Duk inda aka rubuta kasa alhali ƙasa ake nufi, sai ya lanƙwasa wa harafin kai. Baƙin da ya ceta daga zama baki ba su ƙirguwa. Ya taɓa tsayar da inji ana tsakiyar buga littafin makaranta, saboda a shafi na tara an tura dattawa faɗa, alhali fada za su. Tun ranar manaja ya laƙaba masa Malam Ƙugiya, sunan kuma ya bi shi har gida.

Wasiƙar farko da matarsa ta rubuta masa kafin aure, ya mayar mata da ita da gyara bakwai. Ta aure shi duk da haka, tana ganin mutumin da ke lura da kan harafi ba zai manta da cefane ba. Game da cefanen ta yi kuskure.

Da maɗaba'a ta rufe, duniya ta koma rubutu a waya, inda babu mai sa ƙugiya. Malam ya sa aka saka masa haruffan a tasa. Saƙon gaisuwa na layi biyu yakan ci masa minti goma, amma yakan fita da kowace ƙugiya a mazauninta. A zauren waya na tsofaffin ma'aikatan maɗaba'a, shi ne ba a son ya ga saƙon mutum.

Matar tana da ciwon suga, allura biyu a rana. Bara gwamnati ta kawo sabon tsari: an hana shagunan magani sayar da allurar, an mayar da ita kyauta a asibiti. Duk wata sai a turo lambar sirri ta layin wayar maigida, ya nuna a tagar magani, a miƙo masa kwalabe huɗu. Ranar da ya fara karɓa, ya jera su a ƙofar firij kamar kwalaben turare, ya zauna ya rubuta wa zauren yabon Shugaba. Ya rufe da cewa: Allah ya kare mulkinsa.

A watan ne majalisa ta zartar da Dokar Tsabtace Kalamai. Aka sayo na'ura mai karanta saƙonnin jama'a, don ta tsamo masu yi wa mulki mugun fata. Waɗanda suka horar da ita sun san halin mutanensu, sai suka koya mata ta riƙa mayar da ƙugiyoyin da aka zubar kafin ta yanke hukunci. Aikin Malam ke nan daidai, da an tambaye shi ma da ya yaba. Na'urar ta zo kan saƙonsa, ta ga kowane harafi da ƙugiyarsa sai guda, ta tausaya masa, ta sa. Saƙon ya koma: Allah ya ƙare mulkinsa.

Ranar Talata aka rufe layinsa. Ranar Alhamis ya kamata lambar sirri ta zo.

Ofishin hukumar da ke kula da dokar ɗaki ne mai tsawo, da benci uku da fanka ɗaya wadda ke juya wa jami'in kanta kaɗai. Jami'in mutum ne mai fara'a, yana tsotsar alawa.

"Baba, me aka yi maka?"

"Addu'a na yi, ɗana. Kare na rubuta, na kariya. Aka ƙara mini ƙugiya."

"Kowa haka yake faɗa, Baba. Jiya wata ta rantse kare na haushi take nufi."

"Duba sauran saƙonnina. Shekara shida ban zubar da ƙugiya ko ɗaya ba."

Jami'in ya duba allon kwamfutarsa, ya jinjina kai. "Gaskiya ne. To ka gani, abin da ya sa na'ura ta yi zargi ke nan. Mutum mai sa ƙugiya ko'ina, sai a nan kaɗai ya ƙi? Ɓoyewa ka yi."

Malam ya roƙi a mayar da lambar maganin kan layin matarsa. Jami'in ya ce wannan abu ne mai sauƙi ƙwarai, minti biyu ne. Za a turo masa lambar amincewa ta layinsa, ya karanto.

"Layin da kuka rufe?"

"Shi fa, Baba."

Ɗan ƙanwar Malam lauya ne, yana da ofis a saman wani shagon tayoyi. Ya karɓo takardar tuhumar Malam daga kotu, ya karanta, ya cire tabarau ya murza ido.

"Kawu, karanta da kanka, ni na gaji."

Kwamfutar kotu ba ta da haruffa masu ƙugiya. Takardar ta ce wanda ake tuhuma ya rubuta kare, alhali nufinsa kare, sannan ya yi iƙirarin cewa kare yake nufi.

"Ai wannan ta wanke ni," in ji Malam.

"Ta wanke ka, ta kuma ɗaure ka, ya danganta da yadda alƙali ya tashi. An sa mana rana nan da wata bakwai. Mutum dubu huɗu ne a gabanka, Kawu, kuma kai kaɗai ne a cikinsu ka iya rubutu."

"Kwalba ɗaya da rabi ta rage," in ji Malam.

Lauyan ya ce akwai gajeriyar hanya. Dokar tana da sashen tuba. Mutum ya sa hannu cewa mugun fatan ya yi niyya, ya nemi afuwa, a soke shari'a a buɗe layi.

"Wato in ce na zagi mutumin da na yi wa addu'a."

"E."

"In kuma ce na manta ƙugiya."

"Kawu, wanne ya fi ci maka rai?"

Shi kansa Malam bai tabbata ba.

Kwana tara ya yi yana juya maganar. Ya je tagar asibiti sau uku, mai ba da magani ta san fuskarsa, ta san matarsa, har ta tambayi jikinta, amma ta ce durowar ba ta buɗuwa sai lamba ta shiga. Matar ta fara raba allurar gida biyu ba ta faɗa masa ba. Ya gane ne daga yawan ruwan da take sha, da yadda take zama ta huta tsakanin ɗaki da kicin.

"Malam," ta ce da shi wata safiya, "ni dai ban taɓa ganin harafin da aka yi wa jana'iza ba."

Ya sa hularsa ya fita.

Jami'in ya tarbe shi kamar tsohon aboki, ya zaro fom ɗin tuba daga tarin da ke gefensa. Shafi ɗaya ne, babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsa. A tsakiya an rubuta: na amince na roki Allah ya kare mulkin Shugaba, kuma na yi nadama.

Malam ya karanta sau biyu. A yadda take, takardar gaskiya ta faɗa, ban da nadamar. Zai iya sa hannu a haka ya tafi da mutuncinsa. Amma biro na hannunsa, kuma hannun ya riga shi. Ya gyara roƙi, ya gyara ƙasa a layin farko, ya gyara ɗauka. Da ya iso kan kalmar sai ya tsaya.

"Sa mata, Baba," in ji jami'in. "In ba ka sa ba na'ura za ta ce ba ka tuba ba."

Ya sa. Ƙugiya ce kyakkyawa, irin wadda yakan yi a bangon littafi.

Jami'in ya buga hatimi, ya taya shi murna. Ya ce an soke shari'a, kuma za a buɗe layin da zarar ya cika wa'adin gyaran hali da doka ta tanadar wa masu tuba.

"Wane wa'adi?"

"Kwana casa'in kacal. An yi wa sashen gyara makon jiya, lauyanka bai gani ba? Da shekara guda aka so sawa."

Da ƙafa ya koma gida, rana tsaka. Ya tarar da matarsa zaune a ƙasa kusa da firij, ƙofarsa a buɗe, ta jingina da bango, kwalbar ƙarshe a cinyarta.

"An buɗe?" ta ce.

"An kusa."

Ta ɗaga kwalbar ta nuna masa a hasken taga.

"To, Malam, ya ƙare."

Shekara arba'in suna tare, ta iya furta harafin sarai. Babu abin gyarawa.