Irin Geron Iya Kuluwa

Da safiyar ranar, a kan gero muke musu da Iya Kuluwa. Ta sa an sauko da damin iri daga saman murhu, inda hayaƙi ke kare shi daga ƙwari. Ta zaro zangarniya ɗaya ta miƙo mini, ta ce in faɗi sunanta. Na ce dawa ce. Ai kuwa ta yi ta dariya har da tari. "Wai 'yar Kano! Kin tsallake ƙasa da ƙasa neman ilimi, ba ki san abin da ake miki fura da shi ba." Na ce Iya, ni a Yakasai aka haife ni, mu a kwano muke ganin gero. Na faki idonta na cusa zangarniyar a aljihun jakata, da niyyar in kai wa Baba tsaraba. Daga nan na manta da ita.

Karatun haɗa magunguna ne ya kai ni Sudan. Sakina jikar Iya ce, ɗakinmu ɗaya a makaranta, ita ta ja ni ƙauyensu hutun damina, can kudu a bakin kogi. Hausawa ne. Kakan Iya ya bar Kano a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya noma, shi ke nan. Iya ba ta taɓa ganin Kano ba, amma kullum sai ta tambaye ni ko har yanzu ana rufe Ƙofar Ɗan Agundi da magariba, wai a nan gidansu yake. Geron nan kuwa, in ji ta, a jakar kakanta ya zo. Kowace kaka sai a zaɓi mafi kyau a rataye. Duk inda yunwa ta kai, ba a cin iri.

Mun san ana zaman doya da manja. Maƙwabta na cewa ƙasar tasu ce, aro aka bai wa Hausawa, baƙo kuma ba ya gadon gona. Su ma maƙwabtan, manyan gonakin masu kuɗi sun cinye musu fili, an tura su gefe. Mutanen Iya na cewa wanda ya binne uba da kaka a wuri, yaushe zai daina zama baƙo? Ni dai ban ɗauki abin da zafi ba. Na zaci irin cacar bakin rabon gado ce ta zaure, a gama a tashi a yi salla tare.

An yi ruwa jiya, gobe shuka. Duk ƙauyen sussukar iri ake yi, ko'ina luguden taɓarya. Hantsi ya ɗaga. Sai na ji taɓaren suna yin shiru daga yamma, gida bayan gida. Sakina ta tsaya da tata a sama. Jaki ya yi kuka. Sannan bindiga, tau, tau, nesa kaɗan. Sannan ihun mata. Hayaƙi ya taso fari fat, saboda ciyawar rufin ɗakuna a jiƙe take.

Kawu Idi, ɗan Iya, ya faɗo gida babu hula.

"Ku fita! Kogi! Ku bar komai!"

Na suri jakata. Takalmi ƙafa ɗaya na samu. Ni da Sakina muka kama Iya hagu da dama, don gwiwarta ta daɗe tana ciwo. Lungu ya cika da mutane. Wata mata ta goya ɗa, ta riƙe tukunya da wake a ciki yana tururi, ba ta ma san tana riƙe da ita ba. Gabanmu aka fara juyowa a guje, an tare hanyar kasuwa. Wallahi bakin nan nawa da ba ya mutuwa, ko innalillahi ta ƙi fita daidai.

Wata maƙwabciya ce ta cece mu, kuma ba Bahaushiya ba ce, daga cikin waɗanda ake rigimar da su take. Ta yage dangar gidanta da hannu, tana yafito mu. Ta nan ake ɓullewa gonaki. Sai ɗaya-ɗaya ake shiga. Na wuce, Sakina ta saki hannun Iya don ta sunkuya.

"Irin!" Iya ta ƙwala. "An bar irin a tsakar gida!"

"Iya, dawo!"

Ban taɓa ganin ta yi sauri haka ba. Tsohuwar da sai an ɗaga ta daga tabarma, ga ta tana ratsa mutane tana komawa cikin hayaƙi. Kawu ya bi ta. Ya waiwayo sau ɗaya.

"Ku tafi! Kada ku tsaya!"

Muka tafi. Gonakin an gyara su tsaf ana jiran shuka, taɓo har idon sawu. Ɗaya takalmin ma a nan ya tsaya. Harsashi ya wuce ta saman kanmu da wani irin fito. Muka kwanta cikin kunya, muka tashi, muka sake kwanciya. Sakina sai waiwaye take yi, ni kuma ina jan mayafinta ina yi mata tsawa. Na zage ta ma, Allah ya yafe mini.

Rana ta take tsaka muka isa kogi. Kwale-kwale biyu ne, mutane ba iyaka. Mai fito yana dukan hannuwa da filafili yana cewa mata da yara tukuna. Aka tura mu ciki. Ruwa ya kusa bakin jirgin. A haka muka ƙetare zuwa wancan gefen.

A nan muka tsaya. Azahar ta wuce, ba mu yi ba. Duk jirgin da ya iso sai mu ruga mu duba fuskoki. Harbin ya ja baya, hayaƙin ya koma baƙi. Gab da la'asar Kawu Idi ya sauko, shi kaɗai, hannayensa biyu a ƙone. Ya ce ya sami Iya a bakin ɗakin girki, rufin ya riga ya faɗo a kanta. Damin yana ƙirjinta. Bai iya janyo ko ɗaya ba.

Na zuge jakata ina neman ƙyallen da zan ɗaure masa hannu. Yatsuna suka taɓa wani abu mai kaushi. Zangarniyar ce.

Na daɗe ina kallonta. Tun daga gida tana rataye a kafaɗata. Lokacin da Iya ke ihun iri, tana nan a hammatata, taku ɗaya tsakaninmu. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da ita, kuma ban tuna ba. Sai a lokacin kuka ya zo mini, na yi shi kamar raina zai fita.

A wata makarantar firamare aka tara mu. Bayan 'yan kwanaki na sami mota zuwa babban birni, daga can sai gida. Ranar da zan tafi na miƙa wa Sakina zangarniyar. Ta mayar mini. Ta ce, "A ina zan shuka? Ke kina da inda za ki koma. Mu da ake cewa mu koma garinmu, wanne ne? Ki kai irin nan Kano, daga can ya fito."

Tun da na dawo Yakasai na kasa zama wuri ɗaya. In maƙwabta suna daka suka tsaya, sai in tsinci kaina a tsaye ina neman takalmi. Karatu kuwa ban koma ba. Na taka har Ƙofar Ɗan Agundi ina tambayar tsofaffi gidan wani da ya tafi Makka a ƙafa bai dawo ba. Wani dattijo ya ce, "'Yata, ai irinsu ba su ƙirguwa." Ƙofar ba a rufe ta, motoci ne kawai ke wucewa.

Na tambayi Baba gonarmu ta bayan ganuwa. Ya ce tun ina goye aka yanka ta fuloti. Sai na huda gindin tsohon bokitin fenti, na cika shi da ƙasa, na shuka irin a ciki, na hau da shi saman soro. Ya tsiro. Na yi ta faɗa da tsuntsaye duk damina, bana na sami zangarniya uku. Na rataye su a kicin, duk da mu da gas muke girki, babu hayaƙin da zai tsare su.

Shekaranjiya Umma ta ce in kawo ta haɗa a geron kunu kafin ƙwari su cinye. Na ce Umma, ba a cin iri. Har yau ban sami gonar da zan kai shi ba.