Ranar da Baba Ya Hau Jirgin Alhaji

Ina aji shida Alhaji, wan Baba, ya zo mana nan ƙasar Turawa daga Maraɗi sayen ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, na hannu, don feshin gonakinsa. Aka ba shi ɗakina, na koma falo.

Baba aikin dare yake yi a wani sito da ke kan titin Wendover. Da safe, maimakon ya kwanta, sai ya wanke fuska ya ɗauki Alhaji su tafi duba jirage. Wannan ya tsufa, wancan fentinsa bai yi ba. A gidanmu ba a tambayar baƙo ranar tafiya, ƙane kuma ba ya ce wa wansa ya gaji. A wurin aiki kuwa an kama Baba yana gyangyaɗi, an ce in ya sake, shi ke nan.

Wata Asabar Mama ta ce in bi su. "Ki zauna bayan babanki a mota, ki riƙa kallon idonsa a madubi. In ya lumshe, ki yi masa magana."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu in yi magana. Amma har muka isa garin Summerfield ina tambayarsa sunayen garuruwan Nijar, yana amsawa da ƙyar.

Jirgin yana cikin wata rumfa bayan garken dawakai. Kujeru biyu ne kawai, an liƙe ɗaya da salatif. Mai shi, wani dattijon Bature, ya jawo sikeli irin na banɗaki. Ya ce kowace kujera da iyakar nauyin da take ɗauka, sai an auna mutum kafin a tashi da shi.

Alhaji ya cire hula da takalmi, har da babbar riga, ya hau. Baturen ya girgiza kai.

"Sikelin nan ƙarya yake," in ji Alhaji. Ya juya wurin Baba. "Kai, je ka hau jirgin, ka zo ka ba ni labari."

"To, Yaya."

Suka tashi. Iska ta kwantar da ciyawa, na dafe ɗankwalina. Ta gilashin na ga kan Baba ya jingina gefe tun ba su wuce bishiyoyi ba.

Da suka sauko sai da Baturen ya taɓa kafaɗarsa. Yana dariya ya ce bai taɓa ɗaukar wanda ya yi masa minshari a sama ba. Alhaji ya sa na fassara. Na fassara ina kallon ƙasa. Na ɗauka yau Alhaji zai gane gajiyar Baba.

Sai ya tafa hannu. "Jirgin da mutum zai yi barci a cikinsa, ai lafiyarsa ƙalau! Na saya."

Baba ya ce alhamdulillahi, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

A mota Alhaji ya ce ba zai bar kayansa a hannun wasu ba. Sai ya ga an kwance jirgin, an sa a kwantena, an kai bakin teku. Wata guda, ko biyu. Kullum kuma za a zo a duba aikin.

"Allah Ya kai mu, Yaya," in ji Baba.

A daren ya tafi aiki. Ran Talata ya fita aikin daren, sai ga shi ya dawo tun kafin mu kwanta, ya ajiye rigar aikinsa a kan kujera. Mama ta dubi rigar, ta tashi ta zubo masa abinci.