Takalmin Malam Bukar a Zauren Baba Idi

Ina kasuwar dabbobi da hantsi, hannuna a kan tozon wani bijimi, sai ga maƙwabcin Baba Idi ya dafa kafaɗata ya ce, "Sai haƙuri, Baba Idi ya riga mu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Na yi kuka ba kaɗan ba, amma wallahi ko a hanyar dawowa daga maƙabarta sai da na ji wasu na murmushi a baya, suna tuna maganganunsa. Ban ga laifinsu ba, mutumin haka ya bar mu.

Bafillace ne, haifaffen Ingal, ya zauna Agadas tun yana saurayi. Da masu shanun garin nan da na Ingal suka haɗa kai, Hausawa da Fulani da Buzaye, don a sami baki ɗaya mai magana da kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito, ba a yi gardama ba aka ce shi. Ba ya ɗaga murya. In an taru ana kumfar baki, sai ya sa a kawo fura, ya ce, "Fushi mugun dillali ne, ya sayar da kai kuma bai ba ka la'ada ba." Ni da nake da saurin hawa, ni ya fi jifa da wannan magana.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce bayan babban yaƙin Nasara, da aka buɗe iyaka. Muka kora garke guda babba zuwa kudu tare da Baba Idi, wajen Katsina, kuma duk abin da mahaifina ya bar mana ni da ƙannena yana cikinsa. Muna isa bakin iyaka muka tarar fatoman can, masu saukar da baƙi su sayar musu da shanu, sun yi rantsuwa ba mai taɓa saniyar ƙasar Faransi, wai muna karya musu kasuwa. Gaba ba hanya, baya ba ciyawa. Rijiyar da muka sauka a kanta ta fara ba da laka, shanu suna zubar da nama muna kallo. Na ce a kai ƙara wurin kumandan. Baba Idi ya ce, "Ɗana, saniya ba ta san Faransi ba, ba ta san Ingilishi ba. Kafin Nasara biyu su gama rubuta wa juna, ungulu ta ƙoshi." Sai ya tambaya wane ne babban fatoman. Aka ce wani Malam Bukar, Babarbare. Ai kuwa Baba ya fashe da dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe bawana ne!"

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba a fushi, ba a kai ƙara. Amma ban taɓa zaton za a kai shi kasuwa ba. Na bi shi muka tsallaka. Muka iske Malam Bukar zaune bisa buzu cikin jama'arsa, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Baba ya yi sallama, ya sunkuya, ya ɗauki takalmin Malam Bukar ƙafa ɗaya ya sa a hammata.

Malam Bukar ya ce, "Kai, wane mahaukaci ne wannan?"

Baba ya ce, "Ubangijinka ne daga Agadas. Shanuna na tsaye cikin rana ba takalmi, kai kana inuwa da biyu?"

Malam Bukar ya ƙare masa kallo, ya ga siririn hanci da sandar kiwo, sai gemunsa ya fara rawa don dariyar da yake dannewa. Ya ce, "Bafillatanin banza! Ajiye mini kayana, ɓarawo." Baba ya juya ya kama hanya. Dattijon nan ya biyo mu yana ɗingishi, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana zagi, jama'arsa na biye suna riƙe ciki, har zangonmu.

Da ya ga shanun sai zagi ya tsaya. Mutumin ya san dabba. Ya shafa haƙarƙarin wata karsana. Aka tatso masa ɗan abin da ya rage na nono ya sha. A nan bisa tabarma aka shirya: mu riƙa shigo da garke kashi-kashi don kada kasuwarsu ta faɗi, su kuma su buɗe mana rijiyoyinsu. Gadon ƙannena ya tsira, da shi na aurar da su. Takalmin dai Baba ya hana. Ya rataye shi a zaurensa, kowace shekara kuma sai ya aika wa Malam Bukar sabon takalmin dukawan Agadas, da saƙo cewa bawa ba ya yawo ba takalmi.

Ranar sadakar arba'in muna zaune a zauren, sai ga kamyon, motar kaya ta kudu, ya sauke wani tsoho da sanda. Tun daga ƙofa ya ɗaga murya, "Ina ɓarawon nan? An ce ya gudu da kayana!" Zaure ya ɗauki dariya, har mata a cikin gida. Malam Bukar ya ɗaga kai ya ga takalminsa a rataye, fatar ta bushe. Na miƙe zan sauko masa da shi, ya riƙe hannuna. Ya laluba jakarsa ya fito da ɗaya ƙafar, ya ce, "Rataya su tare, ɗana. Wa zan bi bashi kuma?" Sai ya zauna ya rufe fuska da bakin rawani.

Ya Allah, ga bawanka Idi, wanda ya kashe wuta da dariya, ya shayar da dabba da mai ita. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi a tafkin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka raya 'ya'yansa bisa halinsa. Ka sanyaya zuciyar Malam Bukar, Ka sada su a inuwar da ba iyaka. Amin.