Inci Biyun Kawu Almakashi

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon nan na kwanar layi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti, ya san Kawu Almakashi. Shi ba ya hawa keken ɗinki. Aikinsa awo da yanka, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan yana tsaye a bakin tebur guda, har katakon ya lotsa daidai inda yake dafa hannun hagu. Gajeren mutum ne mai faɗan tsiya, tef rataye a wuya, alli a bayan kunne. In ya auna ka sau ɗaya ya shigar da kai littafinsa, to ka gama wahala, ko daga ina ka aiko da yadi rigarka za ta zauna maka ɗas. Ka ci masa abinci ku rabu lafiya, amma ka kuskura ka taɓa masa tef, ranar sai ka gane ba ka da wayo.

Akwai dalili, kuma mutum biyu kaɗai suka san shi. A makonsa na farko a shagon, yana sabon shiga, wajen yankan yadi ya haɗa da bakin tef ɗin ya datse, inci biyu cur suka faɗi ƙasa. Ya tsaya tsuru-tsuru yana jiran kora. Maigidan, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki tef ɗin ya duba, ya sa baƙin zare ya ɗinke bakin da hannunsa, ya rataya masa a wuya.

"Da shi za ka auna, da shi za ka yanka," in ji shi. "In ka kiyaye wannan, babu mai sani."

Haka kuwa aka yi. Tef ɗin Kawu daga biyu yake farawa, saboda haka mai ƙirji arba'in, a littafinsa arba'in da biyu ne. Babu wanda ya taɓa cutuwa, don Kawu ba ya lissafi a ka. Wajen yanka sai ya kama tef ɗin daga baki zuwa lambar da ya rubuta, ya ninka shi gida biyu ko huɗu, ya ja alli. Abin da tef ɗin ya ƙara wajen awo, shi yake cirewa wajen yanka. Lambobin suka koɗe, ya riƙa bi da biro yana sabunta su. Da tafiya ta yi tafiya, shi kansa sai ya yi shekara bai tuna da zancen ba.

Maigida ya rasu, shago ya dawo hannun 'yarsa, wadda telolin ke kira Manaja. A ƙarƙashin teburin Kawu ta yi rarrafe, da guntayen ƙyallensa ta ɗinka wa 'yar tsanarta riga, shi ya sa har yau ba ya ce mata komai sai "Uwata". Amma fa yarinyar ba ta zo da wasa ba. Ta buɗe reshe a ɗaya gefen gari, ta sa injin yanka mai lantarki, ta ɗauko wani mai yanka da ake kira Dogo. Sannan ta kawo wata manhaja ta intanet wadda ta haɗa shagunan biyu. Ta zauna mako uku tana kwafe littattafan Kawu goma sha ɗaya cikin kwamfuta, awo bayan awo. Ta kafa allo a bangon kowane shago, yana nuna aikin da ya shigo, wa ya auna, wa zai yanka, wa zai ɗinka. In mutum ya gama nasa sai ya danna, layin ya koma kore, kowa ya gani.

Kawu ya raɗa wa allon suna Magulmaciya. Sau ɗaya Manaja ta tsayar da shi ta nuna masa yadda ake yi, har da wani jan maɓalli na dakatar da aiki in an ga matsala. Ya kawar da kai ya ce shi yatsunsa na almakashi ne, ba na latse-latse ba. Gaskiyar magana kuwa tsoro yake ji. Ya ji telolin keke suna ƙus-ƙus cewa tunda littafin ya shiga kwamfuta, me ya rage wa tsoho a shagon? Maganar ta tsaya masa a rai. Shekararsa sittin da huɗu, kuma in aka raba shi da teburin nan bai san inda zai kai hannuwansa da safe ba.

Ana haka sai ga aiki mafi girma da shagon ya taɓa samu. Wani sabon otal yana son rigunan ma'aikatansa talatin da shida. Su suka kawo yadinsu, ruwan toka mai tambarinsu a jikin saƙar, daidai wa daida, rarar da ke kai ba ta wuce ta riga biyu ba. Kawu ya yi kwana biyu yana zuwa otal ɗin yana awo, Manaja tana shigarwa. Ya wasa almakashinsa, ya goge tebur, ya zo ranar Litinin tun ƙarfe bakwai da rabi.

Ƙarfe takwas Manaja ta shigo a gaggauce, waya a kunne, makullin mota a hannu.

"Kawu, ina kwana. Na tura wa Dogo yankan otal ɗin nan, injinsa ya fi sauri. Yadin yana can tun jiya. Kai ka huta wa bayanka. Zan je in duba maɓallai, sai na dawo."

Kafin ya buɗe baki ta fice. Ya tsaya riƙe da tsumman goge tebur. Da farko takaici ne ya turnuƙe shi. Can sai hannunsa ya kai ga tef ɗin da ke wuyansa, nan take ya tuna. Tunda aka kawo manhajar, kowa abin da ya auna shi yake yankawa. Yau ne karo na farko da awon Kawu zai faɗa hannun wani, kuma tef ɗin Dogo cikakke ne. Kafaɗa, hannu, ƙirji, ko'ina zai ɗara da inci biyu. Waɗannan duk da sauƙi, ana iya ragewa. Wuya ne matsalar. In aka fafe wuyan riga ya yi faɗi, babu telan da zai iya mayar da yadin da aka cire.

To, a nan ne fa zuciya ta fara yi masa huɗuba. In ya yi shiru, wa zai zarge shi? Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa dawo masa da riga ba. Za a ce kwamfuta ce ta yi shirme, ko Dogo ne bai iya ba. A cire Magulmaciya daga bango, a dawo ana lallashinsa. In kuwa ya yi magana, sai kowa ya ji cewa gwanin da ake ji da shi da guntun tef yake aiki, kuma duk lambobin littafinsa ba daidai ba ne. Wa zai bar irin wannan a bakin tebur?

Ya ja kujera ya zauna, abin da telolin ba su taɓa gani ba da safe. Takwas da minti arba'in, layin farko ya koma kore.

"Kai, Dogo akwai sauri!" in ji wani tela yana taka keke. "Kawu, ka ga yaran zamani ko?"

Kawu ya kafa wa allon ido. Na biyu ya koma kore. Na uku. Ya tashi ya sha ruwa. Ya ɗauki almakashi ya ajiye. Ya ce a ransa rarar yadin ta riga biyu ce, ga shi an wuce ta. Na biyar. Ya tuna ma'aikatan da ya auna ɗaya bayan ɗaya, har da wata siririyar mata mai share ɗakuna da ta ce masa wannan ne aikinta na farko, don Allah ya yi mata riga mai kyau. Ya tuna Manaja ta ce in aikin nan ya ɓaci, reshen ba zai kai ƙarshen shekara ba. Na shida.

Babban yatsansa yana ta murza bakin tef ɗin bai sani ba, sai ya ji gurzar baƙin zaren nan. Mutumin da ya ɗinka shi ya rufa masa asiri ranar da ya cancanci kora. Yau ga shi zaune yana kallon ana yanka arzikin 'yar mutumin, riga bayan riga. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba a rayuwarsa.

Ya zaro waya ya kira Dogo. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, ƙarar inji ba za ta bar shi ya ji ba. Ya kira Manaja, layinta a kame. Na bakwai ya koma kore. Ya miƙe ya nufi allon, telolin duk suka tsayar da kekuna suna kallon ikon Allah. Ya lalubo jan maɓallin ya danna. Ashe Magulmaciya ba ta dakatar da aiki sai an rubuta mata dalili, kuma dalilin kowa zai gani a shagunan biyu. Ya tsaya. Na takwas. Da yatsa ɗaya, yana neman haruffa kamar mai tsintar allura, ya rubuta: Tef ɗina gajere ne da inci biyu. A daina yanka.

Allon ya yi ja gaba ɗaya.

Cikin minti ashirin Manaja ta iso, ko motar ba ta gyara wa tsayuwa ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu, shi kuma ya cire tef ɗin daga wuyansa ya ba ta. Ta ɗora shi kusa da nata a kan tebur, ta ga inda ya fara. Ta zauna gaban kwamfuta, ta zaɓo duk awon da ke ɗauke da sunan Kawu, ta ce a cire biyu daga kowanne. Littafi goma sha ɗaya, aikin shekara talatin da ɗaya, kafin ya ƙifta ido an gyara. Ta kira Dogo ta ce ya ci gaba. Riga tara ne suka tafi, don ta tara tana ƙarƙashin inji lokacin da allon ya yi ja.

Sannan ta juyo.

"Kawu, ƙarfe nawa ka tuna?"

Da ya ce yanzu-yanzu, da ta yarda. Ya dubi ƙasa.

"Ƙarfe takwas, Uwata. Kina fita."

Ta dubi agogon bango, ta dube shi. Idonta ya ciko, kuma wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki tef ɗin tana juya shi, sai yatsanta ya tsaya a kan baƙin zaren. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan ɗinkin Baba ne," ta ce a hankali.

"Nasa ne."

Ta naɗe tef ɗin ta sa a jaka. Ta buɗe aljihun tebur ta ciro sabo dal, mai bakin ƙarfe, ta ajiye a gabansa.

"Ni zan je in tsaya gaban mutanen otal in faɗa musu gaskiya, in roƙi yadin riga bakwai. Teburin naka ne, Kawu, ban taɓa niyyar raba ka da shi ba. Amma tsohon tef ɗin zan riƙe."

Washegari da safe wani tsohon malamin makaranta ya shigo, mutumin da Kawu ya yi shekara ashirin da biyar yana yanka wa kaya. Kawu ya zagaya masa sabon tef a ƙirji, mai santsi, marar nauyi a hannu. Bakinsa ya riga ya buɗe zai ce arba'in da huɗu. Ya dubi lambar ya haɗiye.

"Arba'in da biyu," ya faɗa da ƙarfi, don Manaja ta ji ta shigar.

"A'a!" in ji malamin yana shafa tumbi cike da murna. "Ashe dai na rage! Ni da matata muna ta gardama, tana cewa ƙaruwa nake."

Telolin suka sunkuyar da kai kan kekunansu. Manaja ba ta ɗago ba, yatsunta na kan kwamfuta tana jiran lamba ta gaba. Kawu ya matsa zuwa kafaɗa.

"Ba ka rage ba, Malam," ya ce. "Haka kake tun farko."